Yadda za ka zaɓi cen da sifiroket na babban mashin kafin ka fitar da kuɗinka

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu manyan mashina. Tun da hunturun nan ya shigo ƙura ta fara cin cen ɗin mutane tambaya guda ake ta maimaita mani, a waya, a gareji, har wurin mai shayi: "Malam cen ɗina ya ƙare, wane zan saya, kuma haƙori nawa?" Wani ma hoto kawai zai turo ya ce in duba in faɗa mishi lamba. To shi ya sa na zauna na rubuta abin daki-daki, don kayan wanga irin mashin ba kamar na kabu-kabu ba ne da za ka shiga kowane shago a Sakkwato ka ɗauko, mafi yawa sai an yi oda, in kuma aka kawo maka wanda bai dace ba to kuɗinka sun kwanta.

1. Fara tabbatarwa cen ɗin ya mutu da gaske

Ka tsuguna bayan mashin, ka kama cen a daidai bayan sifiroket na baya (faifan nan mai haƙora da ke jikin taya), wurin da ya naɗe shi sosai, ka ja shi baya. In ya ɗago har kana hango rabin haƙori ko haske na wucewa ta tsakani, ya gama aiki. Sai ka juya taya a hankali kana kallon gaɓoɓin, in akwai waɗanda suka sandare sun ƙi miƙewa, ko jan gari mai kama da tsatsa na fita daga gefen fil (ƙusar da ke haɗa gaɓa da gaɓa), ko ka ga wani wuri ya yi tauri wani wuri ya saki, duk alamar guda ce. Haƙoran sifiroket kuma ka dube su ta gefe, lafiyayye bakinshi a daƙile yake kuma ɓangarorin biyu daidai, wanda ya ci sai ka gan shi ya yi tsini ya lanƙwasa gefe guda kamar lauje.

Mai son awo na sosai ya ɗauko tef. Ka ja cen ya miƙe, ka auna gaɓa 20, wato daga tsakiyar fil na 1 zuwa tsakiyar fil na 21. Sabon cen mai lamba 520 ko 525 ko 530 milimita 317.5 yake bayarwa. Suzuki a littattafansu da yawa sun sa iyaka a 319.4, Kawasaki a wasu mashinansu 323. Ka ga ke nan 'yan milimita kaɗan ne tsakanin sabo da wanda za a yar.

Gargaɗi tun daga nan: kada ka taɓa cen injin na aiki, ko da mashin na kan jak. Yatsa ba ya dawowa in sifiroket ya ja shi.

Kuma in za a canza, a canza su ukun tare, cen da na gaba da na baya. Na san aljihu, na san yadda abubuwa suke, amma sabon cen a kan tsohon sifiroket cikin 'yan watanni zai koma siffar tsohon, ka biya sau biyu ke nan.

2. Karanta lambar cen

Ka goge gefen cen da tsumma da ɗan kananzir, za ka ga lamba an buga a jikin wasu gaɓoɓin, 428 ko 520 ko 525 ko 530. Wannan lambar ita ce kan maganar duka.

Lambar farko tazarar da ke tsakanin fil da fil take nufi. In 4 ce to rabin inci ne, milimita 12.7, shi ne irin na ƙananan mashina da muke gani kullum a titi, har da Yamaha R15. In 5 ce to milimita 15.875. Lambobi biyun ƙarshe kuma faɗin cikin cen ne inda haƙori ke shiga: 520 milimita 6.35, 525 kusan 7.9, 530 kusan 9.5. Wato 520 da 525 da 530 tazararsu guda ce, faɗi ne ya raba su, kuma nan ne ake yawan faɗawa rami don da ido duk kamarsu ɗaya.

Cen 520 ba zai zauna kan sifiroket 525 ba, haƙorin ya fi ƙarfin ramin. Amma 530 zai hau kan sifiroket 520 lafiya lau kamar ba komai, shi ne mai haɗarin. Kwanaki wani ƙanena ya kawo mani mashin yana cewa wata ƙara ke damunshi in ya saki totur, na sa yatsa na tura cen ɗin gefe sai na ga yana yawo dama da hagu kan haƙora, cikin gaɓoɓin duk sun yi ƙyalli saboda gugar gefe, ashe wanda ya ɗaura mishi 530 ya samu a shago ya ce ai babba ya fi ƙarfi. Ba a yi wata huɗu ba haƙoran baya suka siraɗe. Don haka lambar cen da ta sifiroket biyun dole su zama iri guda, babu wani ai zai yi.

In lambar ta goge, ka nemi ma'aunin baniya, wanda ake auna kauri da faɗin ƙarfe da shi, wurin masu walda ko masu tona ƙarfe ka auna faɗin ciki.

3. Ƙirga haƙora, ka san shekarar mashin

Na baya a fili yake, ka sa alama da alli a haƙori guda ka ƙirga har ka zagayo. Sau da yawa ma an buga adadin a jikinshi. Na gaba sai ka kwance murfin da ke gefen hagu na injin, za ka tarar da tulin baƙin maiƙo da yashi, ka kankare ka ƙirga. Ka ɗauki hotonshi a waya kafin ka taɓa komai, zai yi maka amfani ranar ɗauri.

Dalilin da ya sa nake cewa ka ƙirga da kanka, mafi yawan mashinan da ke hannunmu na hannu ne, an hau su a Amurka ko Turai kafin su iso, mai shi na farko ƙila ya riga ya canza. Sai ka gwada abin da ka ƙirga da na kamfani. Misali Yamaha R3 daga kamfani 14 gaba 43 baya ne da cen 520. Yamaha R6 daga 2006 zuwa sama 16 da 45 da cen 525. Hayabusa 530 take ɗauka, ta farko 17 da 40, daga 2008 aka koma 18 da 43. Ka ga suna guda amma shekara ta canza lissafi, don haka in ka ce ma mai kaya "na Hayabusa" kawai ba ka faɗa mishi komai ba. In daga Amurka aka shigo da mashin ɗin, ka duba lambar shasi a wuyan mashin, harafi na 10 shi ke faɗin shekara, 6 na nufin 2006, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, haka har gaba. Kada ka dogara da shekarar da dillali ya faɗa maka.

Adadin haƙora kuma ba shi kaɗai ke sa sifiroket ya dace ba. Na baya ka ƙirga ramukan noti, 5 ne ko 6, ka auna faɗin ramin tsakiya da tazarar ramukan. Na gaba kuma tsagin cikinshi da ke kama shaf ɗin giya da kaurin gindinshi sai sun yi daidai. Wanda tsaginshi ke da ɗan sako-sako zai cinye shaf, gyaran shaf kuwa sai an buɗe injin gaba ɗaya.

4. Za ka bar haƙoran yadda suke ko za ka canza?

Nan ne samari suka fi son magana, to bari in tsaya sosai. Lissafin sauƙi gare shi, ka raba haƙoran baya da na gaba. R6 mai 45 da 16 zai ba ka 2.81. Duk abin da ya ɗaga wannan lamba, wato rage na gaba ko ƙara na baya, mashin zai fi saurin tashi daga tsaye, zai fi fizga, amma injin zai riƙa kuka da yawa a kan doguwar hanya, mai zai ƙara tafiya, ƙarshen gudu ya ragu. Duk abin da ya saukar da lambar kuma akasin haka, tashi zai yi nauyi, amma a kan hanya injin zai natsu.

Ga yadda yake a R6 ɗin. In ka rage haƙori guda a gaba, 45 raba 15, ka samu 3.00. In ka bar gaba ka ƙara 2 a baya, 47 raba 16, ka samu 2.94. Ka lura, haƙori guda na gaba ya kai kusan uku na baya tasiri. In ka haɗa duka biyun, 15 da 47, wanda masu wasa da mashin ke yawan yi, ka samu 3.13, ƙarin kusan kashi 11 cikin 100 ke nan, inda da allurar da ke nuna juyin injin ke kan 6,000 yanzu a gudu iri guda za ta koma kusan 6,700.

Yanzu ka tambayi kanka ina kake hawa. In duk yawonka cikin gari ne, Ahmadu Bello Way, Gawon Nama, Mabera, ka tsaya ka tashi cikin kabu-kabu da Keke, ƙarin haƙori 2 a baya zai sa mashin ya yi daɗin sarrafawa, ba sai kana ta wasa da kuloci ba. Amma in kai mai fita ne, yau Illela gobe Tambuwal ko Birnin Kebbi, wallahi ka bar shi yadda kamfani ya yi. Hanyoyinmu dogaye ne a miƙe, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ba lokacin da za ka ƙara ma injin wahala ba ne. Ni a ra'ayina mutum tara cikin goma da ke tambayata babu abin da suke buƙata illa adadin kamfani. Wanda kuma ya matsu sai ya gwada, ya fara da canji guda, ya hau sati biyu ya ji, kada ya taɓa gaba da baya rana ɗaya.

Gargaɗi biyu a nan. Na ɗaya, mashina da yawa daga cikin giya suke karanta gudu, da ka canza haƙora agogon gudu zai fara yi maka ƙarya, da 15 da 47 ɗin nan inda yake nuna 100 zai koma nuna kusan 111, kilomitan da yake ƙirgawa ma su ƙaru. Waɗanda ke karantawa daga taya, kamar da yawa cikin masu birkin ABS, su abin bai shafe su ba. Na biyu, kada ka rage na gaba fiye da haƙori guda. Ƙaramin sifiroket na tilasta ma cen lanƙwasa sosai, yana saurin cinye shi, kuma cen ɗin zai riƙa gugar robar da ke kan ƙarfen da ke riƙe da tayar baya har ya huda ta.

Akwai kuma masu sauka daga 525 ko 530 su koma 520 don rage nauyi. Masu tsere ke yin haka. In za ka yi to sai ka canza ukun duka zuwa 520 kuma ka sayi cen mai ƙarfin da aka rubuta ya dace da girman injinka. Ga mai 1000cc da ke hawa cikin yashinmu ban ba da shawara ba, zai riga na asali mutuwa.

5. Tsawon cen

Ƙirga gaɓoɓin tsohon kafin ka yar da shi, kowane fil gaɓa guda, kuma adadin kullum cika yake, 112, 114, 116, ba ya zama mara. R3 112 ne, R6 ɗin da muka ambata 114. In ba ka canza haƙora ba wannan adadin za ka nema. In ka ƙara 2 a baya yawanci tsawon zai isa, taya ce za ta matso gaba da kamar milimita 8. In ƙarin ya kai 4 to ka ƙara gaɓa 2.

Mafi sauƙi ka sayi mai 120 a yanke. Amma kada a yanke sai an ɗaura sifiroket biyun, an turo taya gaba, an ɗora cen an gwada. Wanda ya yi tsawo ana ragewa, wanda aka gajarta kuwa sai ƙari da mahaɗi biyu (mahaɗi shi ne gaɓar da ke haɗa bakin cen biyu), ni kuma ba zan hau babban mashin mai mahaɗi biyu ba.

6. Irin cen, irin mahaɗi, irin ƙarfe

Cen iri biyu ne, mai roba da marar roba. Mai roba shi ne ake rubuta ma O-ring ko X-ring, akwai 'yan ƙananan zobban roba tsakanin gaɓoɓi da ke riƙe giris ɗin kamfani a ciki su hana ƙura shiga. A garin da iskar hunturu ke cika maka kujerar mashin da ƙura kafin ka fito daga masallaci, marar roba ɓarnar kuɗi ne a kan babban mashin. X-ring ya fi tsada kuma ya fi daɗewa, in aljihu bai kai ba O-ring ma ya wadatar. Mai kyau in ana kula da shi yakan kai kilomita 20,000 har ya wuce.

Mahaɗi kuma akwai na kilif, wanda ake maƙala ma ɗan ƙarfe ya riƙe shi, akwai na ribit, wanda ake buɗa kan fil ɗinshi ya kulle. Daga 600cc zuwa sama ribit kawai. Kilif na iya fita, cen kuwa in ya tsinke ana gudu ko ya fasa jikin injin ko ya naɗe taya ya kulle ta. In ƙaramin mashin ne kuma dole sai kilif, rufaffen bakin kilif ɗin ya fuskanci inda cen ke tafiya, buɗaɗɗen ya kalli baya. Na sha ganin an sa shi a juye.

Sifiroket na baya ka ɗauki na ƙarfe. Na alminiyam mai kala yana da kyau a ido kuma ba nauyi, amma yashi na cinye shi da wuri ƙwarai.

7. Saye da kuɗi

Sunayen da aka sani a cen su ne DID da RK da EK na Japan, da Regina ta Italiya. A sifiroket akwai JT da Sunstar da Renthal. Jabu sun yi yawa musamman na sunayen da suka fi fice, don haka ka duba rubutun jikin gaɓoɓi ya fito tsaf, robobin na zaune daidai, an sako mahaɗi da ɗan ƙunshin giris ɗinshi a cikin kwali. In an faɗa maka farashin da ya yi kusa da na cen ɗin kabu-kabu to ka ajiye mishi kayanshi.

A nan gida 428 ko'ina akwai, 520 ma akan dace, amma 525 da 530 yawanci sai Legas ko Abuja ko Kano, ko a yi oda daga waje. Farashi da dala yake tafiya, a waje saiti mai kyau na cen da sifiroket biyu yakan kama tsakanin dala 150 zuwa 250, sai ka lissafa da canjin ranar ka ɗora kuɗin kawowa. Cen ne ke cin kaso mafi girma, na gaba shi ne mafi araha. Ka ware kuɗin aiki, da man cen na fesawa, da sabuwar washar kulle notin gaba, da ƙarin mahaɗin ribit guda don in na farko ya lalace wurin ɗauri ba za ka jira wani sati biyu ba.

Lokacin oda ka rubuta komai a saƙo guda: sunan mashin, shekara, lambar cen, adadin gaɓa, haƙoran gaba, haƙoran baya, ramukan noti. Ka ce a turo maka hoton kwalin da lambar jikin sifiroket kafin ka tura kuɗi. In kaya sun iso ka ɗora sabon kan tsohon ka ga ramuka sun hau juna tun kafin a yanke komai.

8. Ranar ɗauri

Ko ba kai za ka yi ba ka tsaya a wurin. Ana buƙatar jak na baya, manyan soket da dogon hannu, na'urar yanke cen da buga ribit, injin gurza ƙarfe, da sifanar nan mai awon ƙarfin ɗauri. Ka tambayi bakanike tun kafin ka kai mashin, "Oga kana da na'urar ribit?" In ya ce da guduma zai buga, ka yi mishi godiya ka nemi wani.

Abu na farko, a sassauta notin sifiroket na gaba tun tsohon cen na jiki, wani ya taka birkin baya. In aka riga aka yanke cen babu abin da zai riƙe shaf, sai a koma ana dogara da giya, wannan kuwa cutar injin ne. Sai a sassauta notocin na baya. Sannan a gurje kan fil guda kafin a tura shi da na'ura, in ba haka ba bakin na'urar ne zai karye. A cire taya, a duba robobin da ke cikin gindin sifiroket na baya, in sun saki a canza, su ne ke sa ka ji "kau" in ka ba da wuta. A ɗaura sababbi, na gaba ya fuskanci yadda hotonka ya nuna, a ɗaure da awon da littafin mashin ya faɗa, a lanƙwasa washar kulle.

Wurin mahaɗi a shafa giris ɗin, robobi huɗu su shiga, biyu ciki biyu waje. A matse farantin gefe har faɗinshi ya yi daidai da na maƙwabtanshi, kada a wuce, sai a buɗa kan fil ɗin kaɗan. In kan ya tsage an wuce gona da iri, a sa ƙarin mahaɗin da ka saya. Bayan an gama ka lanƙwasa gaɓar da hannu, ta motsa kamar sauran.

9. Saiti da mai

A jikin ƙarfen da ke riƙe da tayar baya yawanci akwai 'yar takarda da ta faɗi sakin da ake so, wasu milimita 20 zuwa 30, wasu 35 zuwa 45. Ana aunawa a tsakiyar cen ta ƙasa, a wurin da ya fi tauri. Bakanikenmu da yawa sun saba ɗaure cen tamau kamar tsirkiya, a babban mashin wannan na kashe boris da sil na shaf ɗin giya, don in ka zauna ko ka faɗa rami cen ƙara tauri yake. Ɗan saki ya fi ɗan tauri. Layukan saiti na dama da hagu kuma su zama daidai, ka tsaya a baya ka kalli cen ya tafi a miƙe.

Wanki da kananzir da burushi mai laushi. Ban da fetur, ban da burushin waya, kuma ka hana yaran wurin wanki harba mishi ruwan inji kai tsaye. Baƙin man da aka juye daga injin ma kada a zuba, yashi yake kamawa ya koma kamar dutsen wasa wuƙa. Ka fesa man cen ta ciki bayan ka dawo daga tafiya yana da ɗumi, ka bar shi ya kwana, da safe ka goge na sama da tsumma. Duk kilomita 500 haka, lokacin hunturu ko bayan ruwan damina kuma kada ka jira ya kai.

Sabon cen yakan ɗan saki a kwanakin farko, don haka bayan kamar kilomita 200 ka sake auna sakin, ka duba kan ribit, ka bi notocin baya da sifana. Sai ka buɗe waya ka rubuta kilomitan da agogo ke nunawa ranar, da lambar cen, da adadin gaɓa, da haƙoran gaba da baya.